HUKUNCIN ALBASHIN ZAMAN GIDA GA WANDA YA SAUYA WURIN AIKI A LOKACIN ANNOBA

Godiya ta tabbata ga Allah Mai raba arziki tsakanin bayinSa, Mai yalwatawa da ƙuntatawa bisa hikimarSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi masu saurare, karatunmu na yau amsa ce ga tambayar da wani dattijo ya kawo mini a farkon wannan azumi na shekarar 1441, wato 2020 a lissafin Turawa. Kun san halin da muke ciki: an ba da umarnin rufe masallatai saboda annobar korona, shi ya sa karatun da muka saba yi gwiwa da gwiwa ya koma gidan rediyo. Dattijon yana da ɗa a Ingila, wanda ya shekara da shekaru yana aiko masa da kuɗin hatsi da sukari kafin azumi ya kama. Bana bai aiko ba. Da ya kira shi, sai yaron ya ce ba shi da ko sisi. Dattijon kuwa ya ji a rediyo cewa gwamnatin Ingila tana biyan ma'aikata albashi suna zaune a gida, sai ransa ya ɓaci, ya ce da ni: "Allah gafarta Malam, ƙasar da ake biyan mutum yana kwance, a can ɗana zai ce mini ba shi da kuɗi? Ko dai ya manta da ni ne?" Shi kuma yaron ya aiko da tasa tambayar ta bakin ƙanensa: wasu abokai sun nuna masa hanyar da zai bi ya sami kuɗin, amma sai an taɓa takarda, shin ya halatta?

Malaman usulu sun koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimci siffarsa. Ni ban yi lakwal ba, don haka na sa wani ɗalibina mai jin Ingilishi ya karanta mini sanarwar gwamnatin tasu sau da yawa, na kuma saurari saƙonnin yaron, har al'amarin ya zauna mini. Zan fara da bayanin tsarin, sa'an nan mu auna shi da ma'aunin shari'a.

Yadda tsarin yake

Ranar 20 ga Maris 2020 ministan kuɗin Birtaniya, Rishi Sunak, ya sanar da cewa duk mai kamfani ko kanti ko gidan abinci da annoba ta tsayar wa aiki, kada ya kori ma'aikatansa. Ya sallame su su zauna gida, sunansu yana nan cikin littafin albashi, gwamnati za ta biya kashi 80 cikin 100 na albashin kowane ɗaya, amma kada ya wuce fam 2,500 a wata, abin da ya haura miliyan ɗaya da rabi na kuɗin sefa. Wanda yake karɓar fam 1,500 zai sami 1,200. Wanda yake karɓar fam 4,000 ba zai wuce 2,500 ba. A wannan rana aka umarci gidajen abinci su rufe, ranar 23 ga Maris kuma firaminista Boris Johnson ya umarci jama'a su zauna gida, aka rufe kantunan da ba na larura ba.

Ku lura da abubuwa uku. Na farko, ma'aikaci ba ya zuwa da ƙafarsa ya karɓi kuɗin nan. Ubangidansa ne yake nema daga hukumar haraji, ya biya shi. Na biyu, ubangida ba a tilasta masa ba, in ya ga dama ya nema, in ya ga dama ya bari. Na uku, muddin ma'aikaci yana cikin wannan hutu, wanda mafi ƙarancinsa mako 3 ne, ba zai yi wa ubangidan nan aiki ba ko na sa'a guda.

Sai kuma sharaɗin da ya haifar da tambayarmu. Gwamnati ta ji tsoron kada mutane su cika littattafan albashi da sunayen ƴan'uwansu da na waɗanda ba su wanzu ba, don haka ta yanke rana. Da farko ta ce sai wanda sunansa yake cikin littafin albashin ubangidansa ranar 28 ga Fabrairu ko kafin nan. Da koke ya yi yawa, ranar 15 ga Afrilu sai ta matsar da ranar zuwa 19 ga Maris, wato jajibirin sanarwar, ta ce mutum fiye da 200,000 za su amfana da wannan sassauci. Amma ta ɗaura masa wani igiya: bai isa a ce mutum ya fara aiki kafin 19 ga Maris ba, sai ya zama ubangidansa ya riga ya aika wa hukumar haraji da labarin biyansa a ranar ko kafinta. A Ingila, duk lokacin da za a biya ma'aikaci, ana aika wa hukumar haraji da labari ta intanet a ranar biya ko gabaninta. To, wanda ake biya mako-mako, labarinsa ya isa da wuri. Wanda ake biya a ƙarshen wata, labarinsa bai tafi ba sai ƙarshen Maris, bayan an rufe ƙofa.

Nan ne ɗan dattijon ya faɗa. Yana aiki a wani kantin tufafi, ya sami wani gidan abinci mai albashi mafi kyau, ya bar kantin a makon farko na Maris, ya kama sabon aiki ranar 9 ga wata, biya kuma sai ƙarshen wata. Kafin ya cika mako biyu aka rufe gidan abincin. A wurin tsohon ubangida sunansa ya fita, a wurin sabo kuma sunansa bai kai ga hukuma ba. Ya yi biyu babu, ba tsuntsu ba tarko.

Saboda haka masu sauya aiki sun kasu kashi uku. Kashi na farko, wanda labarin biyansa a sabon wuri ya isa hukuma zuwa 19 ga Maris: wannan sabon ubangidansa yana iya nema masa. Kashi na biyu, wanda yake cikin littafin tsohon ubangida ranar 28 ga Fabrairu, ya bari bayan nan, labarin sabon wurinsa kuma bai isa ba: wannan gwamnati ta buɗe masa taga guda, ta ce tsohon ubangida yana iya sake ɗaukarsa ya sa shi hutun, ko da ma'aikacin ne ya ajiye aikin da kansa, amma ba dole ba ne a kan ubangidan. Kashi na uku, wanda ya bar tsohon wuri kafin 28 ga Fabrairu kuma bai shiga sabo a kan lokaci ba, da wanda ake biya hannu da hannu ba rubutu: waɗannan ba su da rabo a tsarin, sai su nemi tallafin marasa galihu da ake ba kowa. Shi ma wannan tallafi, baƙon da takardar zamansa ta hana shi cin taimakon gwamnati ba ya samunsa, alhali albashin zaman gida ba a hana baƙo ba in ya cika sharaɗi.

Mas'ala ta farko: mene ne wannan kuɗi a shari'a?

Ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, ciniki ne na amfani: wannan ya ba da ƙarfinsa da lokacinsa, wancan ya ba da lada sananne. Idan ma'aikaci ya kawo kansa, ubangida ne ya hana shi aiki don ganin damarsa, ladansa ya wajaba cikakke. Idan kuwa abin da ya hana aikin ya fi ƙarfin su biyun, malamanmu na Malikiyya sun yi magana. An ruwaito daga Imam Sahnunu cewa wanda aka ɗauka ginin yini ko girbin yini, ruwan sama ya hana shi, ba shi da lada sai gwargwadon abin da ya aikata. Wasu malamai suka ce yana da ladansa duka, tun da hanin ba daga gare shi ya zo ba. Shaihu Halilu kuma a Muhtasar ya lissafa umarnin sarki na rufe shaguna cikin abubuwan da suke warware yarjejeniyar haya. Ku duba, jama'a, abin da muke gani bana kamar sabo, magabata sun riga sun zauna a kansa.

To ashe kuɗin da ake magana a kansa ba ladan aiki ba ne, tun da ba a yi aikin ba. Kyauta ce daga baitulmalin ƙasarsu, wadda aka bi da ita ta hannun ubangida. Mai kyauta kuwa yana da ikon gindaya sharaɗi ga kyautarsa, kamar yadda mai waƙafi yake cewa rijiyata ko gonata ta almajiran makaranta kaza ce. Wanda ya cika sharaɗi ya ci halal, ko da yana kwance a ɗakinsa. Wanda bai cika ba, ba shi da haƙƙin ɗauka ta bayan gida, ko da yana ganin ya fi wanda aka ba bukata.

Mas'ala ta biyu: yanke rana zalunci ne?

Yanke iyaka ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya riski liman a ruku'u ya sami raka'a, wanda ya zo bayan ɗagowa da ƙiftawar ido bai samu ba. Wanda alfijirin ranar layya ya keto bai tsaya a Arfa ba, hajjinsa ta kuɓuce, ko da ya taso daga Tawa ne da ƙafa. Zakkar fidda kai da muke shirin bayarwa, jaririn da aka haifa bayan alfijirin ranar salla ba a wajabta fitar masa ba. Duk inda za a raba abu tsakanin jama'a masu yawa, sai an ja layi, kuma duk inda aka ja layi sai an sami wanda ya tsaya a bayansa da taki ɗaya.

Amma akwai bambanci. Iyakokin da Allah Ya sanya ba a matsar da su. Iyakar da shugaba ya sanya don maslaha kuwa, in ta bayyana tana cutar da marar laifi, ya wajaba ya sake dubawa. Ibnu Sa'ad ya kawo a littafinsa na Ɗabaƙat cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, bayan ya kafa diwani, wato littafin sunayen masu rabo daga baitulmali, ya kasance ba ya rubuta yaro sai an yaye shi. Wani dare wasu fatake suka sauka a Madina, shi da Abdurrahman ɗan Aufu suka kwana suna gadinsu. Sai ya dinga jin kukan jariri, ya je ya yi wa uwar magana, ya dawo, kukan bai daina ba. Daga ƙarshe, ba tare da ta san ko wane ne ba, ta gaya masa cewa yaye shi take yi da ƙarfi tun lokaci bai yi ba, domin Umar ba ya ba da rabo sai ga yayayye. Da asuba kuka ya rinjayi Umar a cikin salla har mutane ba sa fahimtar karatunsa. Da ya sallame sai ya sa aka yi shela cewa daga yau kowane abin haihuwa yana da rabonsa tun ranar da aka haife shi, ya kuma rubuta wa sauran garuruwa da haka.

Umar bai ce doka doka ce ba, kuma matar ba ta je ta yi ƙaryar shekarun ɗanta ba. Ta faɗi damuwarta, mai iko ya gyara. Haka ma a Ingila, ma'aikatan da aka bari a baya sun kai kuka ga wakilansu na majalisa da ƴan jarida, har aka matsar da rana daga 28 ga Fabrairu zuwa 19 ga Maris. Wannan hanya ce halattacciya, kuma wanda sassaucin bai kai gare shi ba yana da damar ci gaba da kai kuka.

Mas'ala ta uku: komawa ga tsohon ubangida

Yaron ya tambaya: idan na roƙi tsohon ubangidana ya mayar da sunana, alhali ni da shi mun san ba zan ɗaga masa ko tsinke ba, wannan ba dabarar cin haram ba ce? Amsa ita ce a'a. Dabarar da shari'a ta hana ita ce wadda ake ɓoye wa mai haƙƙi gaskiya. A nan kuwa mai kuɗin da kansa ne ya buɗe wannan hanya, ya rubuta ta, ya yaɗa ta. Sharaɗi dai shi ne a yi ta yadda aka ce: a mayar da shi littafin albashi da gaske, a rubuta yarjejeniyar hutun, kada ya zama yana karɓa a sabon wuri kuma ya karɓa a tsoho alhali bai taɓa haɗa ayyukan biyu a lokaci ɗaya ba, kuma ubangida ya miƙa masa kuɗin duka. Wanda ya ce zan sa sunanka amma mu raba, ya ci amana, dokar ƙasar ta hana, shari'a ma ta hana.

Shin wajibi ne ga tsohon ubangida ya amsa? Ba wajibi ba ne. Ijararsu ta ƙare ranar da ma'aikaci ya tafi. Kuma yana da uzurinsa: sau da yawa shi zai fara biya daga aljihunsa kafin gwamnati ta mayar masa, ga wahalar takardu, ga kwanakin hutun shekara da suke taruwa a kansa. Don haka ɗana, in ka je wurinsa, je da murya ta mai roƙo, ba ta mai bin bashi ba. In ya ƙi, kada ka zage shi.

Amma ku masu dukiya da kuke da yara a ƙarƙashinku, a can ko a nan, ku ji wannan. Ya zo a Buhari da Muslim, cikin labarin mutum uku da dutse ya toshe musu bakin kogo, cewa ɗayansu ya yi tawassuli ne da abin da ya yi wa wani ma'aikacinsa da ya tafi ya bar ladansa. Bai ce tun da ya tafi ya huta ba. Ya juya ladan nan har ya zama garken dabbobi, da mutumin ya dawo bayan zamani ya kora masa su duka. Da wannan aiki Allah Ya kammala buɗe musu kogon. Wanda ya bar ka jiya don neman abin da ya fi, bai zama maƙiyinka ba. In sa hannunka a takarda zai ciyar da gidansa a watan Ramadan, ka hana don ka huce haushin tafiyarsa, ba ka yi haram ba a hukunci, amma ka bar alheri mai yawa ya wuce ka a watan da ake ninka lada.

Mas'ala ta huɗu: taɓa takarda

Abin da abokai suka nuna wa yaron iri uku ne: a rubuta cewa ya fara aiki tun Fabrairu, ko wani mai kanti da bai taɓa yi wa aiki ba ya sa sunansa su raba kuɗin, ko a rubuta yana hutu alhali yana shiga ta ƙofar baya yana aiki. Duka ukun haramun ne. Sun haɗa ƙarya, da shaidar zur wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa cikin mafi girman zunubai, da cin dukiyar mutane da ɓarna.

Na san abin da wasu suke faɗa a majalisa: ai kuɗin Turawa ne, su ma sun kwashi namu. Wannan magana ba ta da gindi a fiƙihu. Musulmin da ya shiga ƙasar waɗanda ba musulmi ba da aminci, kuma takardar biza aminci ce, malamai sun haramta masa ha'intarsu a dukiya ko a jini. Annabi da zai yi hijira ya bar Sayyidina Aliyu a Makka don ya mayar da ajiyar mutanen da suke neman ransa. Mugira ɗan Shu'uba, kafin ya musulunta, ya yaudari abokan tafiyarsa ya kwashe dukiyarsu, da ya zo Madina Annabi ya karɓi musuluncinsa amma ya nisanta kansa daga dukiyar. Sa'an nan baitulmalin Ingila harajin jama'a ne, cikinsu har da musulmi masu yawa da suke tuƙin mota da jinyar marasa lafiya. Ga kuma abin da yake biyo baya a duniya: hukumar haraji tana riƙe da ranar da kowane labari ya iso mata, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Baƙon da aka kama da zamba yana iya rasa takardar zamansa, ya ja wa ƴan'uwansa zargi. Wanda ya riga ya karɓa ta wannan hanya, tubarsa ba ta cika sai ya mayar da kuɗin inda suka fito.

Mas'ala ta biyar: haƙƙin uba da haƙƙin ɗa

Yanzu na juyo gare ka, Alhaji. Ɗanka bai yi maka ƙarya ba. Kuma kada ka ce ya saki reshe ya kama ganye, domin ranar da ya ajiye aikin farko babu wanda ya san za a rufe ƙasa bayan mako biyu, kuma neman abin da ya fi ta hanyar halal ba laifi ba ne. A mazhabarmu ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mawadaci, da abin da ya rage bayan abincinsa da na iyalinsa. Wanda ba shi da shi, babu zunubi a kansa. Allah Ya umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya sami sauƙi, to ina ga uba da ɗansa? Abin da nake ji maka tsoro shi ne fushinka ya tura shi ga takardar ƙarya, ya aiko maka da haram ka yi buɗa-baki da shi. Kira shi, ka sa masa albarka, ka ce ya riƙe gaskiya. Wannan kiran ya fi masa fam dubu.

Wanda kuma ya faɗa tsakanin ƙofa biyu, gwamnati ba ta ba shi ba, ubangida bai ba shi ba, nauyinsa ya dawo kan jama'ar musulmi na inda yake. Mai ƙarfi da sana'a wanda aka rufe wa hanyar sana'arsa, kuma ba shi da abin da zai ishe shi, mabukaci ne, zakka ta halatta gare shi. Kada kunya ta hana shi zuwa masallacin unguwarsu ya faɗi halinsa, ya kuma nemi duk aikin halal da ya rage a buɗe, ko dako ne a rumbun abinci.

Abin da ya shafe mu a nan gida

Wani zai ce, Malam, mu da ba mu da gwamnatin da za ta biya mu muna kwance, ina ruwanmu? Ruwanmu yana wuri biyu. Ranar 19 ga Maris ɗin nan da Ingila ta yanke, ita ce ranar da aka sanar da mutum na farko mai cutar a Yamai. Da gwamnatinmu ta ɗauke wa masu ƙaramin amfani kuɗin wuta da na ruwa na Afrilu da Mayu, wa ya amfana? Wanda yake da layin wuta ko famfo a rubuce. Mai sayen ruwa a wurin ɗan garuwa bai ga komai ba. Ashe ko'ina taimako sunan da aka rubuta yake bi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mu kuwa yaro yana yi wa mutum aiki shekara goma a shago ko a gareji ko a mota, babu takarda, babu shaida, babu suna a asusun ma'aikata na CNSS ko da ya cancanta. Ran da ciwo ko annoba ko mutuwa ta zo, sai a ce wa ya san shi? Ku rubuta ranar farawa, da lada, da ranar biya, ku kafa shaidu biyu. Kai kuma mai barin aiki, ka yi sallama ta arziki, ka mayar da amana, domin ba ka san ranar da za ka koma ƙofar nan kana sallama ba.

Na biyu, tun da aka rufe iyakar Najeriya a Agustan 2019 kasuwa ta yi sanyi a Maraɗi da Damagaram, ga annoba ta zo ta ƙara. Masu shaguna da yawa sun sallami yaransu. Ladan kwanakin da yaro ya riga ya yi aiki bashi ne a wuyanka, ba ya faɗuwa da annoba, kuma ya tabbata a hadisi cewa wanda ya ci guminsa ya hana shi lada, Allah da kanSa ne abokin shari'arsa ranar alƙiyama. Na kwanakin da aka zauna kuwa, ku yi sulhu a kan rabi ko sulusi ko mudun hatsi, gwargwadon iko, kuma wanda ka ɗauka jiya-jiya kada ka ce shi ba ya cikin lissafi.

Ƙarin bayani lokacin bugawa

Da aka zo tattara karatun nan don bugawa, na ga ya kyautu in faɗi yadda al'amarin ya ƙare. An yi ta tsawaita tsarin. Daga 1 ga Yuli 2020 aka yarda ma'aikaci ya yi aikin wasu kwanaki a biya shi hutun sauran. Da aka sake rufe Ingila ranar 5 ga Nuwamba, sai aka yanke sabuwar rana, 30 ga Oktoba, daga baya kuma 2 ga Maris 2021, kuma kowane yanki ya bar wasu masu sauya aiki a baya. An rufe tsarin ranar 30 ga Satumba 2021, bayan ya ɗauki guraben aiki miliyan 11.7, ya ci kimanin fam biliyan 70.

Shi kuwa yaron, tsohon ubangidansa bai amsa ba. Ya yi wata huɗu yana cin bashi da taimakon masallaci, kuma abin da ya rasa a watannin nan ba a mayar masa ba. Da aka buɗe gidajen abinci ranar 4 ga Yuli ya koma bakin aikinsa, da aka sake rufewa a Nuwamba sunansa yana cikin littafi, aka biya shi. Mahaifinsa ya kira shi tun a daren da aka watsa karatun.

Allah Shi ne Mafi sani. Ya Allah Ka wadatar da mu da halal ɗinKa ga barin haram ɗinKa, Ka yaye mana annoba da tsadar rayuwa, Ka tsare ƴaƴanmu da suke baƙunta a ƙasashen mutane, Ka sanya tausayi tsakanin iyaye da ƴaƴa da tsakanin masu gida da yaransu, Ka karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.